Zauren Tambayoyin Ilimi: Ko Jami'ar Amurka Za Ta Lissafa Mini Karatun da Na Yi a Wani Wuri a Matakin Sama?

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili daga 'yan'uwa mazauna Amurka da kuma iyayen ɗaliban da ke can, kuma kusan dukansu damuwarsu ɗaya ce: an yi karatu a wata makaranta, a gida ko a can, ana son jami'ar da za ta ba da digiri ta lissafa shi a matsayin karatun aji uku da aji huɗu, ba na share fage kawai ba. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar difloma da babbar difloma a fannin akanta daga wata kwalejin kimiyya da fasaha a arewacin Najeriya. Bayan na zo Amurka na nemi gurbi a wata jami'ar jiha domin in sami digiri, na biya kuɗi aka tantance mini takarduna kwas bayan kwas, aka aika musu. Sun karɓi kiredit sama da 70, na yi murna ƙwarai, amma da na zauna da mai ba ɗalibai shawara sai ta ce kusan duka a matakin ƙasa aka ajiye su, har da waɗanda na yi a shekarar ƙarshe ta babbar difloma, irin su binciken kuɗi da haraji, don haka sai na sake yin shekara biyu cur. Akwai abin da zan iya yi, ko dai in haƙura? Daga wani ɗan'uwa a jihar Ohio.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka haƙura tukuna, domin a yawancin jami'o'in ƙasar hukuncin farko da ofishin magatakarda ya yanke ba shi ne na ƙarshe ba; amma kuma ba zan ɓoye maka ba, wani ɓangare na abin da aka gaya maka ba zai sauya ba ko da ka yi nasara. Bari in fara da yadda tsarin yake, domin sauran masu karatu ma su amfana.

Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, a tsarin zangon karatu mai mako 15 ko kusa da haka, kuma bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya kiredit ɗaya yana nufin kimanin awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari a wajen aji kowane mako. Kwas na yau da kullum kiredit 3 ne, wato kwas 40 ke haɗa digiri. Kwasa-kwasan masu lamba 100 da 200 su ne na matakin ƙasa, masu lamba 300 da 400 kuma na matakin sama, ko da yake wasu jami'o'in 3000 da 4000 suke rubutawa. Wanda ya san jami'o'in Najeriya ba zai ga wannan baƙon abu ba, tunda mu ma haka muke lissafin aji ɗaya zuwa aji huɗu. Inda maganar take shi ne, kowace jami'a tana da adadin kiredit na matakin sama da dole ɗalibi ya cika kafin a yaye shi, kuma a wurare da yawa adadin yana tsakanin 30 da 45. Saboda haka mutum yana iya tara kiredit 140 ya kasance bai cancanci digiri ba, idan duka a ƙasa suka tsaya.

Idan takardar sakamako ta isa jami'a, tambayoyi uku ake yi wa kowane kwas da ke cikinta, kuma sau da yawa ba ofishi ɗaya ke amsa su ba. Ana duba ingancin makarantar da aka yi karatun, ana duba ko abin da kwas ɗin ya ƙunsa da zurfinsa sun yi daidai da na kwas ɗin jami'ar, sannan ana duba ko ya dace da digirin da ɗalibin yake nema. Waɗannan ma'aunai uku su ne ginshiƙin sanarwar haɗin gwiwa kan karɓar kiredit da manyan ƙungiyoyin ilimi uku na ƙasar, AACRAO da ACE da CHEA, suka sanya wa hannu, kuma sanarwar da kanta ta bar hukuncin ƙarshe a hannun jami'ar da ke karɓar ɗalibin. Babu wata doka ta tarayya da ta tilasta wa jami'a ta karɓi kiredit ɗin kowa. Abin da dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta wajabta kawai shi ne kowace makaranta ta bayyana wa jama'a ƙa'idarta a kan wannan batu. Kowace kasuwa da nata mudun, kuma da mudun kasuwar da ka kai hatsinka za a auna maka. Ba kai kaɗai abin ya shafa ba, kuma ba don ka fito daga Najeriya ba ne kawai: rahoton da ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu.

Kai ka tsallake tambaya ta farko, tunda an karɓi kiredit ɗin. A ta biyu aka tsayar da kai, kuma ina ganin dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ma'aikacin ofishin magatakarda yana aiki ne da kundin kwasa-kwasan da jami'ar ta taɓa tantancewa a baya. Idan ya ci karo da makarantar da babu ita a kundin, kuma sunanta ya yi masa kama da na makarantun koyon sana'a ko kwalejojin shekara biyu na ƙasarsu, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya zuba komai a matakin ƙasa a matsayin kwasa-kwasan zaɓi. Bai san cewa ba a shiga babbar difloma sai an kammala ƙaramar difloma ta shekara biyu, an kuma yi shekara guda ta koyon aiki a ma'aikata ba, wanda ke nufin karatun babbar difloma shi ne shekara ta uku da ta huɗu bayan sakandare. Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma kai ne za ka kai ta gaban wanda ya dace.

Ka fara da komawa kan rahoton tantancewar da ka biya wa kuɗi. Idan cibiyar tantance takardun karatun ƙasashen waje ta WES ce ta yi maka, rahotonta na kwas bayan kwas yakan sanya alama a gefen kowane kwas da ke nuna na matakin sama ne ko na ƙasa, kuma sauran cibiyoyin da ke cikin NACES, ƙungiyar masu irin wannan tantancewa, kamar ECE da ke Milwaukee, suna da irin wannan hidimar, ko da yake wani lokaci sai an nemi nau'in rahoton da ya ƙunshi hakan. Idan rahoton ya nuna kwasa-kwasan babbar diflomarka na matakin sama ne amma jami'ar ta ajiye su a ƙasa, to ka sami abin riƙewa, sai dai ka sani rahoton shawara ce, ba umarni ba. Ka kuma karanta shafin farko da kyau, inda aka faɗi abin da takardunka suka yi daidai da shi gaba ɗaya. Idan an rubuta cewa sun yi daidai da digirin farko na Amurka, to ya kamata ka tsaya ka yi tunani ko digirin farko kake bukata tun asali, domin wataƙila neman gurbin digiri na biyu ya fi maka amfani da kuɗinka da shekarunka.

Daga nan sai ka nemi takardar ɗaukaka ƙara kan tantance kiredit, ka kuma tambayi wa'adinta a ranar, domin wasu jami'o'in zangon farko kawai suke ba ɗalibi. Wanda zai yanke hukunci a wannan mataki yawanci shugaban sashen akanta ne ko wani malami da ya wakilta, kuma shi sunan kwas ba ya gamsar da shi, manhaja yake son gani. A nan kana da wata dama da ɗaliban ƙasashe da yawa ba su da ita: hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke tsara manhajar ƙaramar difloma da babbar difloma ta ƙasa baki ɗaya, kuma manhajar tana bayyana manufofin kowane kwas da awannin da ake koyar da shi. Ka nemi manhajar da aka yi amfani da ita a shekarun da ka yi karatu, in da hali sashenka na da ya buga mata hatimi tare da wasiƙar da ke tabbatar da cewa ita aka bi. Sannan kada ka rubuta wasiƙa ɗaya kana roƙon a duba maka komai. Ka ɗauki kwas ɗaya, ka ajiye shi kusa da takwaransa a kundin jami'ar, ka nuna batutuwan da suka zo ɗaya, ka faɗi littafin da aka koyar da ku da shi, ka kuma nuna kwasa-kwasan da sai da ka ci su kafin a bar ka ka shiga wannan. Wannan na ƙarshen yana da nauyi sosai, domin babbar alamar kwas na matakin sama a wurin malaman can ita ce an gina shi a kan wani kwas da ya gabace shi. Idan kana da kundin binciken da ka rubuta a shekarar ƙarshe, ka haɗa da shi. Idan kuma shugaban sashen ya nuna shakka, ka tambaye shi ko sashen yana ba da damar zana jarrabawar kwas ɗin ba tare da zaman aji ba, domin jami'o'i da yawa suna da wannan tsari amma ba sa tallata shi.

Shawarata ita ce ka zaɓi inda za ka zuba ƙarfinka. Kwas ɗin haraji da ka ambata, a ganina, ba zai maye gurbin nasu ba, kuma suna da gaskiya idan suka ƙi, domin kai dokokin harajin Najeriya ka karanta, su kuwa dokar harajin tarayyar Amurka suke koyarwa. Haka dokar kasuwanci. Kwasa-kwasan rahoton kuɗi ma akwai magana, tunda Najeriya ta koma tsarin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, tun daga 2012, kamfanonin Amurka kuwa da nasu tsarin na GAAP suke aiki. Amma lissafin tsadar kaya, da akanta ta gudanarwa, da sarrafa kuɗin kamfani, da wani ɓangare na binciken kuɗi, duk ilimi ne da bai sauya da sauyin ƙasa ba, kuma a nan ne ƙararka ta fi yiwuwar karɓuwa. Waɗanda ba za su maye gurbin kowane kwas ba, ka roƙa a rubuta su a matsayin kwasa-kwasan zaɓi na matakin sama. Ba za su cire maka kwas na dole ba, amma za su shiga lissafin adadin matakin saman da ake nema.

Abin da ba zai sauya ba shi ne sharaɗin zama. Kusan kowace jami'a tana neman ɗalibi ya yi wani adadi na kiredit a wurinta, galibi 30, wato shekara guda, kuma tsangayoyin kasuwanci da yawa masu shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci, suna ƙara sharaɗin a yi rabin kwasa-kwasan kasuwanci a hannunsu. Ke nan abin da za ka iya cim ma shi ne rage shekara biyun zuwa ɗaya da rabi, ko zuwa ɗaya idan komai ya tafi daidai. Zango ɗaya da aka rage dubban daloli ne, kuma ya cancanci wahalar tattara takardu.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni 'yar Kumasi ce, ina zaune a Bronx, ina aiki ina kuma renon yara. Na kammala kwalejin shekara biyu a nan, kuma saboda tsadar jami'a na fara ɗaukar kwasa-kwasai masu rahusa ta intanet, waɗanda aka rubuta a shafinsu cewa ana karɓar su a jami'o'i. Yanzu wata ƙawata ta ce mini duk na matakin ƙasa ne, ba za su kai ni ga digiri ba. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa, ina amsawa, Allah ya yi wa ƙoƙarinki albarka. Ƙawarki ta faɗi gaskiya a kan mafi yawansu, amma ba duka ba, kuma akwai hanyar da za ki tabbatar da kanki kafin ki sake biyan ko dala ɗaya.

Kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan kwasa-kwasai, kamar Sophia da StraighterLine da Study.com, ba jami'o'i ba ne, kuma ba su ke ba da kiredit ba. Abin da suke yi shi ne su kai kwasa-kwasansu gaban Majalisar Ilimi ta Amurka, wato ACE, ko kuma NCCRS da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta jihar New York, malaman jami'a su duba su, su ba da shawarar cewa wannan kwas ya kai kiredit kaza a mataki kaza. Wannan shawarar a buɗe take ga kowa a kundin ACE da na NCCRS a intanet, kuma a ƙarƙashin kowane kwas an rubuta ƙarara ko na matakin ƙasa ne ko na sama, tare da ranar da shawarar ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Ki duba ranakun nan da kyau, domin ranar da kika kammala kwas ɗin ita ake bi, kuma yakan faru a sake duba kwas a sauya masa mataki. Mafi yawan abin da Sophia da StraighterLine ke bayarwa na share fage ne, irin su Turanci da lissafi da gabatarwa ga fannoni. Study.com tana da wasu na matakin sama, waɗanda galibi sai an rubuta aikin gida mai tsawo ban da jarrabawa. Jarrabawar CLEP, wadda ake zanawa domin samun kiredit ba tare da zaman aji ba, kuma ake neman maki 50 a cikinta bisa shawarar ACE, an tsara ta ne domin karatun shekarun farko. A takwararta jarrabawar DSST kuwa akan sami wasu da aka ba shawarar matakin sama.

Tunda kin riga kin kammala kwalejin shekara biyu, akwai yiwuwar kin cika kusan duk abin da ake bukata na matakin ƙasa, don haka ƙara irinsu ba zai matsar da ke gaba ba. Abin da nake so ki yi shi ne ki juya tsarin: ki fara zaɓar jami'ar da za ta ba ki digirin, ki nemi gurbi, a tantance abin da kike da shi, a ba ki jadawalin abin da ya rage a rubuce, sannan ki nemi kwas mai rahusa da zai cike kowane gurbi, kuma kafin ki yi rajistarsa ki sami amsar jami'ar ta imel cewa za ta karɓe shi, a mataki kaza, a gurbi kaza. Tun ran gini ake zane. Maganar baki ta mai tallar gurbin karatu ba ta da amfani ranar da za a lissafa miki kiredit, kuma kalmar da ke shafin kamfani cewa jami'o'i masu yawa suna karɓa ba ta ce komai a kan jami'arki ba.

Akwai makarantu uku da aka kafa tun farkon shekarun 1970 domin manya masu aiki irinki, kuma an san su da sauƙin karɓar karatun waje: Excelsior da ke Albany a jiharki, wadda ta fara a 1971, da Thomas Edison State University da ke Trenton a New Jersey, ta 1972, da Charter Oak State College a Connecticut, ta 1973. Dukansu suna da shaidar manyan hukumomin tantance jami'o'i na ƙasar, suna kuma karɓar kiredit na waje fiye da yadda sauran jami'o'i ke yi nesa ba kusa ba, amma su ma suna da adadin matakin sama da suke nema, kuma kwas ɗin kammalawa a wurinsu ake yin sa. Idan kin daɗe a aiki ɗaya, ki tambaye su tsarin tantance ilimin da aka samu a bakin aiki, inda ɗalibi ke haɗa kundin shaidar abin da ya iya malamai su auna shi da manufofin wani kwas. Ta wannan hanya ma akan sami kiredit na matakin sama, sai dai ba yawan shekarun aiki ake ba kiredit ba, abin da aka iya nunawa an koya ake ba.

Wani abu da nake so ki sa a rai shi ne abin da za ki yi da digirin daga baya. Kiredit ɗin da aka samu ta waɗannan hanyoyi yawanci ba ya zuwa da darajar A ko B a takardar jami'a, sai dai a rubuta an ci. Idan burinki aikin jinya ne, ko haɗa magunguna, ko wani fannin lafiya, makarantun waɗannan fannoni sukan nemi kwasa-kwasan kimiyya da aka yi a makaranta mai shaida, da ɗakin gwaje-gwaje, da daraja a rubuce, kuma wasu ba sa karɓar wanda ya daɗe da yawa. A irin wannan hali arha tana iya zama asara. Idan kuma akwai niyyar komawa gida da takardar, hukumar GTEC ce ke tantance takardun ƙasashen waje a Ghana, kuma yana da kyau ki san matsayinta a kan makarantar da kika zaɓa tun kafin ki fara.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana kwalejin shekara biyu a Kalifoniya da bizar ɗalibi, ni nake biya masa daga nan Kano. Ya kusa cika kiredit 60. Tunda kwalejin ta fi jami'a arha sosai, na ce masa ya ƙara shekara guda a can ya ɗauki kwasa-kwasan fanninsa, domin idan ya koma jami'a shekara ɗaya kawai ta rage. Shi kuma ya ce ba haka ake yi ba. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri bisa wannan ɗawainiya. Lissafinka lissafi ne na hankali, amma a wannan karon yaron ne ke da gaskiya. Kwasa-kwasan da kwalejin shekara biyu ke koyarwa a tsarinta na yau da kullum na matakin ƙasa ne, kuma haka za su shiga jami'a ko da sunan kwas ɗin da littafinsa sun zo ɗaya da na wani kwas na aji uku. Ban da haka, manyan rukunonin jami'o'in gwamnati biyu na jihar, wato California State University da University of California, ba sa lissafa fiye da kiredit 70 na irin wannan karatu a cikin adadin da ake bukata domin digiri. Abin da ya haura 70 za a iya yarda cewa ɗalibin ya san darasin, a ɗauke masa maimaita shi, amma ba zai ƙara masa adadi ba. A rukunin California State University kuma dole ɗalibi ya yi kiredit 30 a harabar da za ta yaye shi, 24 daga ciki na matakin sama, kuma digirin BA yana bukatar kiredit 40 na matakin sama gaba ɗaya. Ka ga shekara ta ukun da za a biya a kwalejin ba za ta rage komai daga wannan ba.

Abin da zai rage maka kuɗi na gaskiya shi ne yaron ya tabbata kiredit 60 ɗin nan kowanne ya faɗa gurbinsa. Jihar tana da shafin hukuma mai suna ASSIST, inda ake zaɓar kwaleji da jami'a da fanni, a ga kwas ɗin da ya yi daidai da wane. Ya zauna da mai ba da shawara a kwalejinsa su bi shafin layi bayan layi, domin kwas ɗaya na share fage da aka manta, kamar lissafi ko kimiyya a fannin injiniya, yana iya hana shi shiga jerin kwasa-kwasan aji uku har tsawon zango ko shekara. Ya kuma kula da cewa wasu jami'o'in jihar suna bin tsarin zango huɗu a shekara, inda kiredit 3 nasu yake daidai da 2 na ɗaya tsarin, don kada alƙaluman su ruɗe ku. Tunda kuma da bizar ɗalibi yake, kada ya ɗauki wani kwas a wata makaranta ko ta intanet ba tare da sanin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, domin dole ya riƙe kiredit 12 kowane zango, kuma kwas ɗaya kacal na intanet ake lissafa masa a cikinsu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a wata jami'a a Nijar, na gama shekara biyu da rabi a tsarin LMD, wato lisans da masta da dakta, saura mini zango ɗaya in karɓi lisans, digirin farko na shekara uku. Yayana da ke Amurka yana so in taho in ƙarasa a can. Kiredit 150 da nake da su za su ishe ni?

AMSA: Ƙanena, ba za a lissafa su 150 ba. A tsarin LMD shekara ɗaya kiredit 60 ce, a Amurka kuwa 30, don haka masu tantancewa sukan raba adadin biyu, ka tashi da kimanin 75. Daga cikinsu, na zango na biyar ne kawai kake da hujjar neman a ɗauka a matakin sama, tunda shi ne na shekara ta uku. Akwai kuma wani abu da ke cin ɗaliban wannan tsari ba su sani ba: a wurinku ana iya tsallake darasin da aka sami ƙasa da 10 bisa 20 idan makin wani darasin ya rufa masa, amma jami'o'in Amurka kowane kwas shi kaɗai suke dubawa, kuma yawancinsu ba sa karɓar wanda bai kai darajar C ba. Ka ƙara da cewa digirinsu yana ƙunshe da darussan gama-gari, kamar rubutun Turanci da tarihi da kimiyya, waɗanda tsarinku bai cika ba su wuri ba saboda tun shekarar farko kuke shiga fanni. Idan aka haɗa wannan duka, mai yiwuwa ne ka tarar shekara biyu na jiranka a can.

Ra'ayina shi ne ka ƙarasa zangon da ya rage ka karɓi lisans ɗinka. Takardar da aka kammala tana da daraja a gida da kuma ƙasashen da ke cikin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka, wadda karatun da aka bari a tsakiya ba shi da ita, kuma zango na shida zai ƙara maka kiredit ɗin da za ka iya nema a matakin sama. Jami'o'in Amurka sun sha bamban a kan digirin shekara uku: wasu suna karɓar sa domin shiga digiri na biyu, wasu kuma sai an ƙara shekara, don haka yayanka ya rubuta wa ofishin karɓar ɗalibai na jami'o'in da kuke so ya tambaya tun yanzu. Kafin ka bar jami'arka, ka karɓi takardar sakamakon kowane zango da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa da awanninsa, da hatimin sashe, ka kuma sa ƙwararren mai fassara ya mayar da su Turanci kalma bayan kalma, domin tattara waɗannan takardu daga nesa ya fi wuya ƙwarai fiye da karɓar su kana cikin makarantar.